Burauza da ayyukan bayan fage: ina batir da mega suke zurarewa?

A tsakiyar zafin watan Afrilu, wani ƙanina mai shagon buga takardu a Harobanda, kusa da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ya kira ni yana neman shawara a kan kwamfutar da zai saya, domin a ganinsa wadda yake aiki da ita ta gama yayi. Ya ce da zarar an ɗauke wuta batirinta ba ya cika awa guda, fankar cikinta tana kuka kamar injin markaɗe ko da babu wanda ya taɓa ta, forfen intanet ɗin da yake saya na mako kuwa tun Laraba yake ƙarewa. Da na isa shagon sai ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, ya buɗe mini allon lura da ayyuka na Windows, wanda kwamfutocinmu masu Faransanci ke kira Gestionnaire des tâches, ya nuna mini layuka fiye da ashirin, kowanne ɗauke da sunan burauzarsa. "Yaya, dubi nan," in ji shi, "shafi shida kawai na buɗe, to sauran daga ina suka fito in ba birus ba ne?"

Mutane da yawa suna yin wannan tambaya, kuma amsar da aka saba ba su, wato su bi layukan ɗaya bayan ɗaya suna kashewa ko su sauke wata manhajar share kwamfuta, ba ta magance komai, wani lokaci ma ɓarna take ƙarawa. Mafi yawan layukan nan halas suke zaune. Ɓarnar tana wajen biyu ko uku daga cikinsu, kuma ba a iya ware su sai an san abin da ya zaunar da kowanne.

Burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, irin su Chrome, Edge, Firefox da Opera, a da a tukunya ɗaya take dafa dukkan shafukan da mutum ya buɗe, saboda haka idan shafi guda ya sandare sai ta faɗi gaba ɗayanta da duk abin da ke cikinta. Chrome, wadda Google ya fitar a watan Satumba na 2008, ta yi suna ne da raba aikin ɗaki-ɗaki. Akwai uwar aiki da ke riƙe da taga da maɓallai, akwai mai kula da zane da bidiyo, akwai mai kula da shige da ficen bayanai, akwai na sauti, sannan shafuka suna da nasu ɗakuna, ƙananan manhajojin da aka liƙa wa burauzar su ma haka. Windows kuwa kowane ɗaki layi guda take nuna shi. Amfanin wannan tsari a fili yake ga duk wanda ya taɓa cike takardar neman gurbin karatu a wani shafi, wani shafin na dabam ya faɗi, amma takardarsa ta tsira.

Abin ya ƙaru a 2018. A watan Janairu na shekarar masu bincike suka bayyana kafofi biyu a cikin ƙirar furosesa ita kanta, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, aka sa musu suna Spectre da Meltdown, kuma ta hanyar Spectre shafi mai mugun nufi yana iya leƙa bayanan da ke zaune tare da shi a ɗaki ɗaya. Maganin da aka samo shi ne kada a haɗa gidajen yanar gizo biyu a ɗaki guda, ko da kuwa ɗayan talla ne ko akwatin bidiyo da aka dasa a cikin shafin ɗayan. Chrome ta fara yin haka ga kowa a kwamfuta daga siga ta 67, kuma Google da kansa ya ce matakin yana ƙara cin ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, da kashi 10 zuwa 13 cikin 100. Firefox ta bi sahu a ƙarshen 2021. Wannan ne ya sa shafin jarida guda ɗaya, idan yana ɗauke da tallace-tallacen kamfanoni da dama, zai iya haifar da layuka biyar ko shida shi kaɗai. Mai shirin gudu daga Chrome zuwa Edge don wannan dalili ya sani cewa tun Janairun 2020 Edge a kan harsashi ɗaya take da Chrome, wanda ake kira Chromium, haka ma Opera da Brave, don haka layukan za su bi shi can.

Kafin a shiga gyara, ya kamata a raba abubuwan da ake cewa burauza tana ci, domin ba iri ɗaya ba ne, kuma ruɗa su shi ne tushen yawancin shawarwarin banza. Ram kamar teburin ɗan kasuwa ne a kasuwar Katako ta Yamai, faifan ajiya kuma shi ne sitonsa da ke bayan layi. Teburi cike da kaya ba laifi ba ne, don haka aka yi shi. Ɗan kasuwar da ya bar rabin teburinsa fayau bai ci ribar komai ba. Matsala tana farawa ne idan teburin ya cika har ya zama duk abin da mai saye ya tambaya sai an aiki yaro sito, a kai wani kaya a ɗauko wani. Haka Windows take yi idan ram ya ƙare: tana kwashe wani sashe zuwa faifai, ta dawo da shi idan an buƙata, kuma idan faifan tsoho ne mai juyawa, wannan kai-komo ne yake sa kwamfuta ta yi tsaye cik na daƙiƙoƙi. Kwamfutocin hannu na gwanjo da suka cika kasuwanninmu da yawansu giga 4 na ram gare su, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke nema don kanta, saboda haka teburin ƙarami ne tun asali.

Furosesa kuwa labarinta dabam. Shafin da ke kwance shiru a cikin ram wuta kaɗan yake ci, amma shafin da ke ta lissafi, yana juya talla, yana kunna bidiyo a ɓoye, yana tambayar uwar garkensa, wato babbar kwamfutar da yake fitowa daga gare ta, ko akwai sabon saƙo, shi ne yake hana furosesa hutawa, ita kuma idan ba ta huta ba sai zafi ya tashi, fanka ta kama kuka, batir ya zube. Wanda ƙorafinsa nauyin kwamfuta ne ram zai duba. Wanda ƙorafinsa batir da zafi ne furosesa zai duba. Wanda forfensa ke ƙarewa kuwa ginshiƙin shige da ficen bayanai zai duba. A ƙasashen da wuta ba ta yankewa kuma intanet na gida ba shi da iyaka, na farkon ne kawai yake damun mutane, shi ya sa yawancin abin da ake rubutawa a kan wannan batu ram yake magana. Mu da muka ga yadda Yamai ta kasance bayan da Najeriya, wadda a lokacin take ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da take amfani da ita, ta katse layin a watan Agusta na 2023, mun san cewa mintuna arba'in na batir suna iya zama bambanci tsakanin gama aikin mutum da ba shi haƙuri.

Allon Windows ba ya faɗin wane layi ne na wane shafi, shi ya sa kashe su daga can yake zama harbi a duhu: ana iya dacewa da shafin banza, ana kuma iya dacewa da uwar aikin, komai ya rufe. Burauzar tana da nata allon, kuma mutane kaɗan ne suka san da shi. A Chrome da Edge, idan aka danna Shift da Esc tare a Windows zai fito. A Firefox ana rubuta about:processes a wurin adireshi. A nan kowane layi da sunansa, shafi kaza, ƙari kaza, talla daga wuri kaza, kuma a gabansa an rubuta ram ɗin da ya riƙe da kason furosesar da yake ci, a Chrome da Edge har da bayanan da yake ja daga intanet. Sai a danna kan ginshiƙin furosesa don jerin ya tsaru daga mai yawa zuwa mai kaɗan, a janye hannu, a zuba ido na minti biyu ko uku. Dole a ba shi wannan lokacin, domin kowane shafi yana yin tsalle na ɗan lokaci sa'ad da yake buɗewa. Wanda ake nema shi ne wanda ya ƙi sauka alhali ba a kallonsa. A shagon ƙanina, layuka ashirin da wani abu duk suna kan sifili ko kusa da shi, ban da uku.

Na farko shafi ne na kallon ƙwallo kyauta da wani yaron shago ya bari a buɗe tun daren jiya. Masu ƙera burauza sun daɗe suna ƙoƙarin ɗaure irin waɗannan shafuka. Tun daga siga ta 88, wadda ta fito a Janairun 2021, Chrome tana hana shafin da ya wuce minti 5 a ɓoye tada agogonsa fiye da sau ɗaya a minti, kuma tun 2020 tana cire tallan da ya ja fiye da mega 4 ko ya riƙe furosesa na daƙiƙa 60 ba tare da mutum ya taɓa shi ba. Sai dai waɗannan dokoki suna da ƙofofi, kuma dole ne su kasance da su: shafin da ke fitar da sauti ko yake riƙe da kiran murya ba a takura shi haka, in ba haka ba karatun da mutum yake saurare zai yanke da zarar ya koma wani shafi. Shafukan da ba su da kunya ta irin waɗannan ƙofofi suke bi. Tsakanin 2017 da Maris na 2019 ma an yi wata hidima mai suna Coinhive, wadda take ba masu shafuka damar haƙar kuɗin intanet na Monero da furosesar duk wanda ya ziyarce su, sau da yawa ba da saninsa ba. Ta rufe, amma dabarar ba ta mutu tare da ita ba, shi ya sa Firefox take toshe sanannun masu wannan haƙa kai tsaye tun 2019.

Shafukan kirki ma suna da nauyinsu. WhatsApp na kwamfuta, Facebook, Gmail da YouTube manhajoji ne cikakku da ke gudana a cikin burauza, suna riƙe da layi a buɗe don saƙo ya shigo nan take, kuma kowannensu yana iya riƙe ɗaruruwan mega na ram. Maganin da ya fi kowanne sauƙi shi ne rufe abin da ba a buƙata, a ajiye adireshinsa cikin alamomin shafi idan ana tsoron mantawa. Ga wanda ba ya iya rabuwa da shafukansa, Chrome ta kawo tsarin tsimin ram a ƙarshen 2022, ana samunsa a chrome://settings/performance, kuma na fi son ba da irin wannan adireshi a kan sunan maɓalli saboda yana aiki ko kwamfutar Faransanci take ji ko Ingilishi. Abin da tsarin yake yi shi ne sauke shafin da aka daɗe ba a leƙa ba daga ram, a bar sunansa kawai a sama, sai an koma masa ya sake buɗewa. A nan akwai abin lura ga mai sayen mega da kuɗinsa: sake buɗewa yana iya nufin sake jan wani sashe na shafin daga intanet, kuma idan rezo ya tafi a lokacin, shafin da mutum yake da shi ɗazu ya zama farin allo. Saboda haka shafukan aiki, irin wanda ake cike takarda a ciki ko wanda ake karanta dogon rubutu, gara a sa su cikin jerin waɗanda ba a taɓawa, wanda yake nan a wuri ɗaya. Edge tata dabarar, wadda ta zo a farkon 2021, sa shafin barci take yi, ta tsayar da aikinsa ta rage abin da ya riƙe, kuma galibi yana farkawa ba tare da an sake jansa ba. A ganina wannan ya fi dacewa da wurin da rezo ke zuwa yana komawa. Firefox kuwa tun siga ta 93 takan sauke shafuka da kanta a Windows idan ram ya kusa ƙarewa.

A wannan shafi na saituna na Chrome akwai abubuwa biyu da suka shafe mu kai tsaye. Ɗaya tsimin wuta ne, wanda ake iya sa shi ya fara aiki idan batir ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100 ko kuma da zarar an cire waya daga bango. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, zaɓi na biyu ya fi hankali, domin jiran kashi 20 tamkar fara tsimin ruwa ne bayan randa ta kusa ƙafewa. Ɗayan kuma shi ne jan shafuka tun kafin a nema, inda burauzar take hasashen inda mutum zai danna ta fara saukewa. Mai forfe ya kashe wannan, domin duk hasashen da bai ci ba da megansa aka biya.

Sauran layuka biyun da suka ƙi sauka a kwamfutar ƙanina ba shafuka ba ne, ƙananan manhajoji ne da ake liƙa wa burauza, waɗanda zan kira ƴan maƙale. Ɗaya ta yi alkawarin sauke bidiyo daga ko'ina, ɗayar kuma bai ma san lokacin da ta shiga ba. Mai yiwuwa ta biyo wata manhajar kyauta da aka girka ana danna "na yarda" ba a karanta ba. A wurina ƴan maƙale ne suka fi cancantar tuhuma a duk wannan batu, saboda shafi yana mutuwa idan an rufe shi, su kuwa suna nan muddin burauza tana buɗe, kuma da yawansu suna da izinin karantawa da sauya abin da ke cikin kowane shafin da aka shiga. Ma'anar wannan ita ce idan shafi goma ne a buɗe, ƴar maƙalen tana iya dasa ɗan aikinta a cikin goman, nauyinta kuma ya ɓuya a cikin nauyin shafukan, ba duka zai bayyana a layinta ba. Ana ganin jerinsu a chrome://extensions ko edge://extensions, a Firefox kuma about:addons. Hanyar gane mai laifi ita ce a kashe su duka, a yi aiki na yini guda, sannan a riƙa kunna su ɗaya-ɗaya. Duk wadda aka manta da ita a wannan yini, cire ta ya fi.

Akwai labarin da ya dace a tuna a nan. The Great Suspender ƴar maƙale ce da aka yi musamman don sa shafuka barci da rage cin ram, kuma mutane kusan miliyan 2 suna amfani da ita. A 2020 mai ita ya sayar da ita ga wani da ba a san ko wane ne ba, aka cusa mata lambobin da ke iya karɓo umarni daga waje, har a watan Fabrairu na 2021 Google ya cire ta daga shagonsa ya kashe ta a kwamfutocin mutane. Waɗanda suka girka ta ba su yi wauta ba, lokacin da suka girka ta lafiyarta lau. Hannu ta sauya daga baya, ta kuma sabunta kanta a ɓoye kamar yadda kowace ƴar maƙale take yi. Tunda yanzu burauzoji suna yin wannan aiki da kansu, babu sauran dalilin ɗauko baƙo ya yi shi. Ƴar maƙale guda da nake ganin tana biyan kuɗin zamanta ita ce mai toshe talla, idan sananniya ce, domin abin da take hanawa ya fi abin da take ci, ko da yake ina jin nauyin faɗin haka, tunda ƙananan jaridunmu na intanet da tallan suke rayuwa, kuma ana iya keɓe su a bar nasu ya wuce.

Duk wannan game da lokacin da taga take buɗe ne. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne su rufe burauza, su koma allon Windows, su tarar da sunanta yana nan. A Chrome akwai maɓalli a chrome://settings/system da ke ba ta izinin ci gaba da gudanar da manhajojin bayan fage bayan an rufe ta, kuma a kunne yake zuwa. Idan akwai ƴar maƙale ko manhajar da ta nemi wannan izini, burauzar ba ta fita gaba ɗaya, takan laɓe, wani lokaci da ƴar alamarta a kusa da agogo. Mafi yawan mutane ba su da abin da suke buƙata a wannan hali, don haka kashe maɓallin bai rage musu komai ba. Edge tana da irinsa a edge://settings/system, tana kuma da na biyu da aka ƙara a watan Maris na 2021, wanda ke tada wani sashe nata tun lokacin da aka kunna kwamfuta don ta buɗe da sauri idan an neme ta. Ga wanda Edge ce burauzarsa ta kullum kuma ram ɗinsa wadatacce ne, cinikin ba laifi. Ga wanda bai taɓa buɗe ta ba sai bisa kuskure, yana ciyar da baƙon da bai gayyata ba ne a kan ƙaramin teburinsa, sai ya kashe duka biyun. Yana da kyau kuma a leƙa sashen manhajojin da ke tashi tare da Windows, a cikin allon lura da ayyuka, a hana duk burauzar da ta sa kanta a can. Masu Mac su tuna cewa rufe taga ba ya fitar da manhaja, sai an danna Cmd da Q.

Sanarwar shafuka ita ma tana cikin wannan lissafi. Tun 2015 Chrome ta ba gidajen yanar gizo damar aiko da saƙo ko da shafinsu a rufe yake, ta hanyar wani ɗan aike da suke bari a cikin burauzar, wanda ake tadawa duk lokacin da saƙo ya iso. Kowane tashi ƙarami ne, amma wanda ya danna "Autoriser" a wurare talatin, har da waɗanda ke yaudara da cewa sai an danna za a tabbatar mutum ne ba na'ura ba, ya tara wa kansa masu ƙwanƙwasa ƙofa dare da rana. Jerinsu yana chrome://settings/content/notifications, kuma share shi aikin minti biyu ne.

Akwai kuma abin da ba a taɓawa, duk da cewa shi ma a bayan fage yake aiki. Na farko shi ne mai sabunta burauza. Ana samun masu gyara da ke kashe shi don a tsimi mega, kuma na fahimci dalilinsu, amma a 2021 Chrome ta koma fitar da sabuwar siga kowane mako 4, ban da gyare-gyaren gaggawa da ke zuwa a tsakani, kuma da yawansu toshe kafofi ne da ɓarayi suka riga suka fara shiga ta cikinsu. Wanda yake shiga asusun bankinsa ko akwatin saƙonsa da burauzar da ta shekara ba a sabunta ba, abin da ya tsima bai kai abin da ya jingina ba. In megan ne damuwa, a gaya wa Windows cewa layin mai iyaka ne, a cikin saitunan Wi-Fi, don ta rage nata manyan saukewa, a bar burauza ta yi nata. Kwamfutocin da har yanzu suke kan Windows 7 ko 8.1 kuwa Chrome ta tsaya musu a siga ta 109 tun Janairun 2023, kuma babu saitin da zai gyara wannan.

Na biyu shi ne barin katin zane, wato sashen da ke zana hoto a allo, ya taya furosesa aiki, wanda maɓallinsa yake a shafi ɗaya da na bayan fage. Ana yawan ba da shawarar kashe shi, kuma gaskiya ne layin mai kula da zane yakan ragu idan an yi haka, sai dai aikin bai ɓace ba, kan furosesa ya koma, ita kuma ta fi cin wuta wajen warware bidiyo nesa ba kusa ba. Ba a kashe shi sai idan allo yana ƙyaftawa ko yana yin baƙi, alamar manhajar katin ce ta tsufa. Tsofaffin kwamfutoci da katinsu bai san sababbin tsarin matse bidiyo ba, kamar AV1, suna shan wahala a YouTube ko da maɓallin a kunne yake, kuma abin da ya fi taimaka musu shi ne sauke ingancin hoton zuwa 480 ko 360, wanda yake rage zafi da mega a lokaci guda. Manhajojin da ke alkawarin wanke ram da dannawa ɗaya kuwa, abin da suke yi shi ne tura kayan teburi zuwa sito don lambar ta yi kyau a ido, bayan minti guda yaro ya koma ɗauko su, su kansu kuma sun zama ƙarin layi a jerin.

Da muka rufe shafin ƙwallon, muka cire ƴan maƙalen biyu, muka kashe maɓallin bayan fage, fankar ta lafa amma ba ta yi shiru ba, kuma a nan ne iyakar abin da saiti ke iya yi ta bayyana. Yawancin masu ƙera kwamfutar hannu suna rubuta cewa a yi aiki da ita a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, alhali a Yamai da Tawa zafin rana a watannin Afrilu da Mayu ya saba wuce 40. Idan furosesa ta yi zafi fiye da kima takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, saboda haka aikin da zai ɗauki daƙiƙa ɗaya sai ya ɗauki uku, mutum kuma ya ɗora wa burauza laifi. Ƙurar hunturu tana ƙara tata: da mai gyara ya buɗe bayan kwamfutar ƙanina, abin da ya toshe mafitar iska ya yi kama da audugar katifa. An share, an sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, an ƙara giga 4 na ram tunda akwai gurbi, kuma na ce masa ya daina ɗora ta a kan tabarma ko matashi, ya sa mata wani abu a ƙasa iska ta riƙa wucewa.

Nauyin ya tafi, forfen mako ya koma kai mako, amma batirin bai dawo yadda yake so ba. Windows tana da hanyar faɗin gaskiya a kan wannan: idan aka rubuta powercfg /batteryreport a baƙin allon umarni, tana fitar da rahoto mai nuna wutar da aka ƙera batirin ya riƙe da wadda yake iya riƙewa yanzu. Nasa ya sauka ƙasa da rabi, domin zafi yana cin batirin litiyom a hankali, kuma shekarun da fankar ta yi tana kuka a wannan shago ba su tafi a banza ba. Batir ya saya, kwamfutar kuma tana nan yana buga wa ɗalibai kundinsu da ita.